Yadda ɗalibin zanen gini zai nazarci hasken rana a ɗakin karatu

A cikin gine-ginen da ake tura ɗalibai su nazarta, babu wanda ya kai ɗakin karatu koyar da sha'anin haske, domin buƙatu uku ne ke karo da juna a ƙarƙashin rufi ɗaya. Mai karatu yana son haske a kan takardarsa. Mai neman littafi yana son haske a jikin kantar littattafai, tun daga layin sama har na ƙasa. Ita kuwa takarda haske cinye ta yake yi sannu a hankali, ya koɗar da launinta, ya busar da ita. Aikinku shi ne ku gano yadda mai zanen ginin ya sasanta waɗannan ukun, kuma ku nuna haka da awo da zane, ba da yabon baki ba.

Tun farko ku raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai hasken da ke zuwa kai tsaye daga ƙwayar rana, wanda kan kai luks 100,000 a fili da tsakar rana (luks shi ne ma'aunin yawan hasken da ke faɗa wa wuri). Akwai kuma hasken sararin sama, wanda iska da gajimare suka warwatsa, mai laushi ne kuma ba ya yanka inuwa. Tebur ɗin karatu luks 500 kawai yake buƙata bisa ƙa'idar Turai ta EN 12464-1, jikin kantar littattafai kuma luks 200. Ke nan ƙwayar rana ta ninka buƙatar mai karatu sau 200. Kusan duk dabarar da za ku gani a ɗakin karatu mai kyau, ƙoƙari ne na shigo da na biyun a tare na farkon.

Kayan aiki da shirin farko

Kuna buƙatar mitar haske guda biyu, tef ɗin awo, kamfas, kyamarar da ake iya saita ta da hannu tare da ƙafarta, salatif na takarda don yin alama a ƙasa, da kwafin taswirar ginin a sikeli 1:100. Mitar ta kasance mai farin ƙoƙo a kanta, wanda ke karɓar hasken da ya zo a karkace daidai. Manhajar waya ba ta maye gurbinta: ba a ƙera firikwensin waya don wannan aiki ba, kuma kuskurensa yana ƙaruwa idan haske ya zo ta gefe, wato daidai irin hasken da taga ke bayarwa.

Ku aje mitocin biyu kafaɗa da kafaɗa a wuri ɗaya, ku karanta su sau uku a haske mabambanta. Idan ɗaya ta ce 1,000 ɗayar ta ce 940, ku rubuta bambancin ku gyara duk awon da shi. Rukunin ɗalibai da yawa suna tsallake wannan, sai su shafe mako suna bayanin bambancin da daga mita ya fito, ba daga gini ba.

Ku nemi izinin masu kula da ɗakin, domin dole a kashe fitilun lantarki lokacin awo. Idan ba za a iya kashewa ba, ku dawo bayan duhu ya yi, ku auna wuraren nan da fitilu kaɗai, sannan ku cire wannan adadi daga na rana. Haske yana taruwa ne da lissafin tarawa kai tsaye, don haka cirewar tana aiki, sai fa idan fitilun na rage ƙarfinsu da kansu gwargwadon hasken waje.

Ziyarar farko kada ku fito da mita. Ku zauna awa ɗaya ku duba inda mutane ke zaɓar zama da inda suke gudu, wace taga aka saki labule, wace aka manna wa jarida ko kwali, wane tebur aka juya daga inda aka tsara shi. Waɗannan alamu sun fi kowace lamba saurin nuna inda zanen ya gaza. Sannan ku zana ginin a yanke, daga tagar gefe ɗaya zuwa ta ɗaya gefen, da tsayin kan taga, kaurin bango, faɗin rumfar taga da duk ginin ko bishiyar da ke tare sama a waje. Taswirar shimfiɗa tana nuna inda taga take, amma zanen yankakken gini ne ke nuna abin da haske zai yi.

Awon kason hasken waje

Ma'aunin da aka fi daɗewa ana koyarwa shi ne kason hasken waje da ya iso wani wuri a ciki. Ana raba luks na ciki da luks na waje, a ninka da 100. Idan waje ya ba da 12,000, tebur ya ba da 300, kason ya zama 2.5 cikin 100.

Sharaɗinsa shi ne sama ta lulluɓe da gajimare gaba ɗaya, har ba a iya nuna inda rana take. A irin wannan sama, bisa tsarin da hukumar haske ta duniya CIE ta ɗauka, tsakar sama ta ninka gefenta haske sau 3. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramar tagar rufi ke fin tagar bango mai girma iri ɗaya ba da haske.

Ku shata layuka a ƙasa tazarar mita 1 ko 2, gwargwadon girman ɗakin, ku bar rabin mita daga kowane bango. Mutum ɗaya ya tsaya da mitarsa a saman rufi ko a fili inda babu abin da ke tare masa sama, ɗayan ya bi alamomin ciki, mitarsa a kwance a tsayin tebur, wato wajen santimita 75 zuwa 85. Ku zaɓi tsayi ɗaya ku tsaya a kansa. Su biyun su riƙa magana ta waya domin a karanta lambobin a daƙiƙa ɗaya. Hasken gajimare yana iya canzawa sosai cikin minti guda ba tare da ido ya lura ba, shi ya sa auna waje sau ɗaya da safe a raba duk awon yini da shi ɓata lokaci ne. Mai awon ciki ya durƙusa ya ja baya daga mitar, kada jikinsa ya shiga tsakaninta da taga, kada kuma ya sa fararen kaya, domin suna ƙara wa mitar haske.

Wajen fassara, matsakaicin kaso ƙasa da 2 cikin 100 yana nufin ɗakin zai yi duhu-duhu, a wuni da fitila. Tsakanin 2 da 5 ɗaki ne mai haske da zai nemi taimakon fitila a wasu lokuta. Sama da 5 da wuya a kunna fitila da rana, amma ku fara tambayar zafi.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. An gina wannan ma'auni ne don yankunan da gajimare ya yi yawa. Bai san gabas ba bai san yamma ba, tagar arewa da ta kudu lamba ɗaya zai ba su. A inda sama ke wuni tas mafi yawan shekara, ku yi awon don koyo da kwatantawa, amma ku ƙara wani: luks na zahiri a wuraren nan da ƙarfe 9, 12 da 3, a rana maras gajimare, kuna zana iyakar duk inda hasken ƙwayar rana ya faɗa a kan taswira. A irin wannan yanayi ƙasa da bangon maƙwabta da rana ta buga su ne ke jefo haske mai yawa zuwa silin, don haka launin farfajiyar waje ma ya shiga rahotonku.

Lissafin da za a yi da biro

Kafin kwamfuta, ku gwada hasashen matsakaicin kason da hannu. Ku ninka abu uku: kason hasken da gilashi ke bari ya wuce, faɗin gilashin a murabba'in mita, da kusurwar sararin sama da ake gani daga tsakiyar taga a digiri. Sai ku raba da jimillar faɗin duk fuskokin ɗakin, an ninka ta da (1 − R²), inda R shi ne matsakaicin hasken da fuskokin ke mayarwa.

Misali, ɗaki mai faɗin mita 8, zurfin 6, tsayin 3.5. Ƙasa da silin 96, bangaye huɗu 98, jimilla 194. Gilashi murabba'in mita 8, yana wuce 0.7, sama buɗe take digiri 65, R kuma 0.5. Na sama: 0.7 × 8 × 65 = 364. Na ƙasa: 194 × 0.75 = 145.5. Amsa kashi 2.5 cikin 100. Idan awonku ya fito ƙasa da haka sosai, ku duba ƙurar gilashi, kaurin firam, ragar sauro da ƙarfen tsaro, waɗanda ba a cika cire su daga faɗin taga ba.

Lambobin da ake sakawa a lissafin nan aunawa ake yi, ba zato ba. Don gilashi, ku riƙe mita a tsaye a bayansa taga a rufe, sannan a wuri ɗaya taga a buɗe, ku raba na farko da na biyu. Gilashi fari falle ɗaya mai tsabta yana wuce kusan 0.9, mai falle biyu wajen 0.8, mai rufin rage zafi ko mai duhu ƙasa da haka. Don bango, ku manna bayan mitar a jikinsa ku karanta hasken da ke faɗa masa, sannan ku juya ta tana kallonsa daga tazarar da inuwarta ba ta faɗa wurin ba, ku raba na biyu da na farko. Wannan yana aiki a fuska maras sheƙi kawai. Abin da ake so, silin 0.7 zuwa 0.9, bango 0.5 zuwa 0.8, ƙasa 0.2 zuwa 0.4.

Akwai kuma gwajin zurfi ga ɗakin da taga ke gefe ɗaya. Zurfi a raba da faɗi, a tara da zurfi a raba da tsayin kan taga, kada jimillar ta wuce 2 a raba da (1 − R na rabin ɗakin da ke nesa da taga). A ɗakin misalinmu, da kan taga a mita 3: 0.75 + 2 = 2.75. Idan R ya kai 0.5 iyakar ita ce 4, ɗakin ya tsallake. Amma a cika ƙuryar da kantoci masu duhu har R ya sauka zuwa 0.2, iyakar ta koma 2.5, ɗakin ya faɗi ba tare da an taɓa taga ba. A ɗakin karatu littattafan kansu bango ne, kuma bango ne mai shanye haske. A taƙaice, hasken tagar gefe mai amfani ba ya wuce ninki 2 zuwa 2.5 na tsayin kan tagar, don haka ɗaga taga sama ya fi faɗaɗa ta.

Kanta da ido

Mitar da ke kwance ba ta san halin da kanta ke ciki ba. Ku tsayar da ita a jikin littattafai, tana kallon lungun, a tsayi uku: layin sama, tsakiya da layin ƙasa wajen santimita 30. Ku yi haka a bakin lungu, tsakiyarsa da ƙarshensa. Layin ƙasa ne zakaran gwajin dafi. Za ku ga kantocin da aka jera a miƙe daga bangon taga zuwa ciki suna barin haske ya ratsa lungu, waɗanda aka gitta kuwa na farko ya tare wa duk na bayansa.

Sai batun kashe ido, wanda shi ne ke korar mai karatu ko da luks ya cika. Ido ba yawan hasken da ya faɗo yake ji ba, bambancin abin da yake kallo yake ji. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada takarda ta fi kewayenta na kusa haske fiye da sau 3, na nesa kuma sau 10. Ku zauna a kujerar mai karatu, kyamara a tsayin ido, wajen mita 1.2, ku ɗauki hotuna 7 zuwa 9 na wuri ɗaya daga mai duhu ƙwarai zuwa mai fari ƙwarai. Saurin ɗauka kaɗai za ku riƙa canzawa. Buɗewar lens, ISO da daidaiton fari su tsaya cak. A haɗa su su zama hoton HDR, wato hoto ɗaya da ya ƙunshi duk matakan haske, a daidaita shi da awon wuri ɗaya da aka sani, sannan a fitar da taswirar launuka. Da lens mai ɗaukar digiri 180 ana iya lissafa ma'aunin kashe ido na DGP: ƙasa da 0.35 ba a jin damuwa, sama da 0.45 ba a jurewa. Ku ɗauka ta fuskar da mutum ke kallo da gaske. Wanda ke fuskantar taga da wanda ya ba ta gefe, a tebur guda, ba haske ɗaya suke gani ba, wanda ya ba ta baya kuma inuwarsa ce a kan littafinsa, taga kuma a cikin allon kwamfutarsa.

Tafiyar rana, da haɗarin kwaikwayo

Rana tana tafiyar digiri 15 a awa. Tsayinta da tsakar rana shi ne 90 a cire bambancin latitud ɗin wurin da karkatar rana, wadda ke kaiwa digiri 23.4 arewa wajen 21 ga Yuni, 23.4 kudu wajen 21 ga Disamba, sifili kuma a Maris da Satumba. A latitud 50 arewa, hakan ya ba da 63.4 a Yuni da 16.6 a Disamba, kullum ta kudu. A latitud 10 arewa, 56.6 ta kudu a Disamba, amma 76.6 ta arewa a Yuni. Wato a yankin da ke tsakanin latitud 23.4 arewa da 23.4 kudu, tagar arewa ma tana shan rana na wasu watanni, abin da littattafan da aka rubuta don ƙasashen sanyi ba su cika faɗa ba.

Faɗin rumfa shi ne tsayin taga a raba da tan (tangent na lissafi) na kusurwar rana. Tagar mita 2 a kusurwa 56.6 rumfar mita 1.3 ta ishe ta. A kusurwa 20, kamar ranar hantsi ko ta la'asar sakaliya, sai mita 5.5, wanda ba mai ginawa. Shi ya sa gabas da yamma suka fi wahala, kuma maganinsu ƙananan tagogi ne, ko bango mai huji-huji, ko a kai matakala da ɗakunan ajiya can.

A nan ne nazarin shahararrun gine-gine ke da amfani, idan an yi shi da lissafi. Ɗakin karatu na Viipuri da Alvar Aalto ya gama a 1935, a garin da yanzu ke cikin Rasha, yana da zagayayyun tagogin rufi fiye da 50, kowace faɗinta wajen mita 1.8, a saman rijiya mai zurfi. Garin yana kusa da latitud 61, inda rana ba ta wuce digiri 53 ko a tsakiyar Yuni, don haka haskenta jikin rijiyar yake bugawa ya warwatsu, ba ya sauka kan littafi. Ku ɗauki wannan rufi ku kai inda rana ke tsayawa a tsakar ka, zai zuba wa mai karatu rana da zafi kai tsaye. Ku kwatanta da ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar, wanda aka buɗe a 2002: rufinsa a karkace yake, gilasansa kuma an tsayar da su suna kallon arewa.

A ɗakin karatu na makarantar Phillips Exeter a Amurka, wanda aka gama a 1971, Louis Kahn ya raba ginin zobe-zobe: masu karatu a gefe kusa da taga, littattafai a zoben tsakiya nesa da rana, babban zaure a ciki da hasken sama. Kowane mazauni yana da babban gilashi a sama da ƙaramar taga a gefen tebur mai murfin katako da mai karatu ke ja da hannunsa. Ku lura da wannan rabon aiki, tagar haske daban, tagar kallo daban. A Sainte-Geneviève ta birnin Faris, 1851, Henri Labrouste ya jera littattafai a jikin bango ya ɗora tagogi a samansu. Ɗakin Beinecke na Jami'ar Yale, 1963, marmara mai kaurin wajen santimita 3 aka sa a madadin gilashi, domin tsofaffin littattafai yake ajiyewa. Sabon ginin ɗakin karatu na ƙasa na Faransa kuwa, na shekarun 1990, an ɗora littattafai a hasumiyoyin gilashi huɗu, sai da allunan katako a bayan gilashin ake tare musu rana.

Ga rubutun hannu da tsofaffin takardu da aka baje, iyakar da masu adana kayan tarihi ke bi luks 50 ce, tare da tace hasken UV, wanda ido ba ya gani. Lahanin taruwa yake: luks 500 na awa 1 daidai yake da luks 50 na awa 10. Idan ginin da kuke nazari yana da irin wannan sashe, ku lissafa luks sau awanni a shekara, ba luks na lokacin ziyara kaɗai ba.

Samfuri da kwamfuta

Haske ba ya buƙatar gyaran sikeli, abin da ya yi a ƙaramin samfuri shi zai yi a babban gini. Ku gina ɓangare ɗaya na ɗakin a 1:20, ko 1:50 idan babba ne. Kwalin ya zama wanda haske ba ya ratsawa. Farin allon soso yana yoyon haske, sai an lulluɓe bayansa da baƙar takarda. Ku liƙe duk mahaɗa da baƙin salatif, ku leƙa ciki tagogi a toshe, duk inda kuka ga haske ku rufe. Kaurin bango da zurfin taga su zama daidai, launin ciki kuma ya mayar da haske kamar na ainihi, har da kantoci. Samfuri yakan ba da lamba fiye da gaskiya, domin ana mance firam, gilashi da ƙura, kuma ana barin ciki fari fat.

Don gwajin rana, ku manna ƙaramin agogon inuwa da aka zana don latitud ɗin ginin a kan allon samfurin, arewarsa daidai da ta ginin. Ku fita rana ku karkata allon har bakin inuwar ya faɗa kan wata da awar da kuke so, ku ɗauki hoto ta ramin leƙe. Ku riƙa canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, rumfa, ko launin silin, ko kantar mayar da haske da ake sawa a taga sama da tsayin ido. Ita wannan kanta ba ta cika ƙara jimillar haske ba, rage na bakin taga take yi ta daidaita shi da na ciki.

A kwamfuta, yawancin manhajojin da ake amfani da su, irin su Honeybee da ClimateStudio, a kan injin lissafin haske na Radiance suka dogara, kuma suna karanta fayil ɗin yanayi na EPW mai awanni 8,760 na shekara. Da shi ake samun ma'aunai na shekara: ƙa'idar EN 17037 ta 2018 tana neman aƙalla luks 300 a rabin faɗin ɗaki da luks 100 a kashi 95 nasa, na rabin awannin da gari ke da haske, ma'aunin ASE kuma yana ƙirga wuraren da ƙwayar rana ta wuce luks 1,000 fiye da awa 250 a shekara. Kurakuran da suka fi yawa huɗu ne: arewa ta juye, an bar launukan da manhajar ta zo da su, an mance gine-ginen maƙwabta, ko an rage yawan karon da haske zai yi tsalle tsakanin fuskoki. A ɗaki mai zurfi ko mai rijiyar haske, tsalle 2 zai nuna duhun da babu shi. Ku ƙara zuwa 5 ko 6, ku ci gaba har amsar ta daina canzawa. Kada ku gwada sabon zane sai kun fara kwaikwayon ginin yadda yake, lambobin sun kusanci waɗanda kuka auna da hannu.

A rahoton, ku ɗora layin luks a kan zanen yankakken ginin da sikeli ɗaya, ta yadda mai dubawa zai ga inda haske ya faɗi da abin da ya kayar da shi. Kowace lamba ta zo da kwanan wata, awa, yanayin sama, tsayin awo da sunan mitar. Hotunan da za a kwatanta su kasance da saitin kyamara ɗaya, a rubuce a ƙasansu. Shawarar gyara kuma ta tsaya a kan canji ɗaya ko biyu da kuka gwada a samfuri ko a kwamfuta, da lambar kafin gyara da ta bayansa, da abin da canjin zai jawo ta fuskar zafi da kallon waje.